Rumbu Ya Dawo Gida, Makulli Yana Hannun Wa?



A zamanin iyayenmu ana iya haifar mutum a Nima ko a Aboabo, ya girma, ya yi fatauci, ya aurar da 'ya'yansa, har a raka shi makwancinsa, hukuma ba ta riƙe komai nasa ba in ban da sunansa a littafin masu zaɓe. Wannan zamani ya shuɗe. Tun watan Afrilu na 2021 lambar Katin Gana ta zama lambar haraji. Tun watan Yuli na 2022 Babban Bankin Gana ya umarci bankuna kada su karɓi wata shaida sai shi. Layin waya ba ya aiki sai an ɗaura shi a kan katin, kuɗin MoMo kuwa a kan layin waya suke kwana. Duk wanda ya je yin katin ya bar wa hukuma zanen yatsunsa goma, da hoton fuskarsa, da adireshin gidansa, da sunayen iyayensa da garin da suka fito. Wannan duka yana jibge a wani rumbu da yawancinmu ba mu taɓa ganin ƙofarsa ba.

Saboda haka idan shugabanni suka taru a manyan zaurukan Ankara suna tattauna tsarin tsaron intanet da ikon ƙasa a kan bayananta, kada mu ɗauka hira ce ta 'yan boko da masana kwamfuta. Kayanmu ake magana a kai. Matsayinmu kuwa a fili yake: muna goyon bayan ƙasa ta mallaki rumbunta da hanyoyin sadarwarta, ta rage dogaro da na aro. Sai dai goyon bayan yana da sharaɗi, kuma tarihinmu ne ya koya mana shi. Duk ƙarfin da za a ba hukuma a kan bayanan jama'a, a ɗaure shi da doka, da kotu, da idon masu kayan.

Maganar ajiya ba baƙuwa ba ce a zango, a kanta ma aka kafa shi. Lokacin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina, su ratsa Borgu da Yendi su sauka Salaga sayen goro, ba mai tafiya da banki ko takardar inshora. Abin da ake da shi maigida ne. Shi ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya riƙe masa kuɗi har ranar tashi, wani lokaci har shekara ta zagayo. Abu uku suka sa falke yake iya barci alhali dukiyarsa tana ɗakin wani. Ya san ɗakin da aka sa kayan. Ya san duk ranar da ya nema za a fito masa da su cif-cif. Ya kuma san idan maigida ya ci amana akwai sarkin zango da limami da za a kai ƙara gabansu, kuma maigidan da sunansa ya ɓaci ya rabu da baƙi ke nan. Da waɗannan ma'aunai uku ya dace mu auna duk tsarin da gwamnati ta kawo mana.

Ma'auni na farko da na biyu mun ga an gwada su a idonmu. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, ana cikin kwanakin farko na azumi, manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu da ke ɗauko mana intanet, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka katse kusan lokaci ɗaya a tekun Kwaddibuwa. Gana da Laberiya da Benin da Burkina Faso da Najeriya duk sun ji a jikinsu. Harkar banki ta yi tsaiko, ofisoshi suka zauna zugum, mai sayar da atamfa ta WhatsApp ta rasa hanyar masu ciniki. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta sanar cewa gyara zai ɗauki aƙalla mako biyar, domin jiragen ruwan da ke irin wannan aiki ƙalilan ne, ɗaya daga cikinsu ma daga Afirka ta Kudu ya taso.

Ba wani maƙiyi ne ya kawo hari ba, zaton masana ya fi karkata ga zaftarewar ƙasa a gindin teku. Amma ranar ta tona wani asiri. Saƙon da mutumin Kumasi ya aika wa ɗan'uwansa a Tamale yakan fita ƙasar, ya je wata kwamfuta a Turai, sannan ya dawo, domin can aka ajiye manhajar da bayananta. Tun 2005 Gana take da mahaɗar intanet ta cikin gida, GIX, wadda aikinta shi ne abin da ya taso a gida kuma gida zai je kada ya yi wannan doguwar tafiya. Mahaɗar kuwa ba ta da amfani sai ga abin da aka ajiye a nan. Duk hidimar da rumbunta yake ƙetare, ranar da waya ta katse a teku mu da ita sai kallo. Idan tsautsayi kaɗai ya iya yi mana haka, mai niyya fa? Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Wata ɗaya bayan haka hukuma ta ba Starlink izinin kawo intanet ta tauraron ɗan'adam. Ƙarin hanya alheri ne, amma mu tuna ita ma hanya ce ta kamfani ɗaya na wata ƙasa.

Adalci ne mu faɗi cewa Gana ba ta yi kwance ba. A 2012 majalisa ta zartar da Dokar Kare Bayanai, doka mai lamba 843, wadda ta ba kowa haƙƙin ya tambayi abin da aka riƙe game da shi, ya sa a gyara kuskure, kuma a sanar da shi idan bayanansa suka faɗa hannun da bai dace ba. Dokar ta ware ƙabila da addini da lafiyar mutum a matsayin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. A 2020 aka yi Dokar Tsaron Intanet, mai lamba 1038, wadda ta haifi Hukumar Tsaron Intanet a watan Oktoba na 2021. An ayyana fannoni 13 a matsayin jijiyoyin ƙasa, cikinsu har da banki da lantarki da ruwa da lafiya, aka wajabta wa masu riƙe da su su kai rahoton kutse cikin awa 24. Akwai lambar waya 292 da kowa zai iya kira idan an damfare shi. Ƙasar ta shiga yarjejeniyar Budapest ta yaƙi da laifukan intanet, ta kuma amince da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka rubuta a 2014 amma ba ta fara aiki ba sai a 2023. A ƙididdigar hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2024, Gana ta shiga sahun farko. Akwai cibiyar adana bayanai ta gwamnati a Ankara da mataimakiyarta a Kumasi. Waɗannan abubuwa ne na yabo, kuma mun yaba.

Sai dai gina rumbu a tsakar gida bai isa a ce an mallake shi ba. A watan Yuni na 2021 shugaban Senegal na lokacin, Macky Sall, ya buɗe babbar cibiyar bayanai a Diamniadio, ya umarci a kwaso bayanan gwamnati daga ƙetare a dawo da su gida. Kamfanin Huawei na Sin ne ya yi aikin, da bashin Sin aka biya. Kafin nan, a farkon 2018, jaridar Le Monde ta Faransa ta ba da labarin cewa shekara biyar ana kwashe bayanai cikin dare daga hedikwatar Tarayyar Afirka a Addis Ababa, wadda Sin ta gina kyauta, ana aikawa Shanghai. Sin ta musanta, shugabannin Tarayyar ma sun musanta. A ɗaya ɓangaren, Amurka tana da doka tun 2018 da ta ba hukumominta ikon neman bayanai daga kamfanoninta ko da a wata ƙasa suka ajiye su. Ma'ana, ko da wani babban kamfanin Amurka ya kafa rumbu a Tema, dokar ƙasarsa tana biye da shi har can. Gabas da yamma duk jirgi ɗaya ya ɗauko su. Wanda ya ƙera ƙofar, ya haɗa makullin, kuma shi ake kira idan ta lalace, yana da rabo a ɗakin ko da takarda ta ce naka ne.

Mallaka ta gaskiya tana ga sani. Tana ga injiniyoyin gida da za su iya buɗe na'urar su ga abin da take yi, da lauyoyin gida da suka karanta kwangila kafin a sa hannu, da makullan sirri da ba su taɓa fita hannun 'yan ƙasa ba. Ƙasar Estoniya, wadda yawan jama'arta bai kai na Kumasi da kewaye ba, ta sha wani babban harin intanet a 2007. Bayan shekara goma ta ƙulla yarjejeniya da Luksambog ta ajiye kwafin muhimman bayananta a can, a ɗakin da dokar Estoniya ce ke aiki a cikinsa kamar ofishin jakadanci. Kaya suna ƙetare, iko yana gida. Wannan ya nuna tambayar "ina aka ajiye" ƙarama ce a kan tambayar "wa ke da iko". A ƙasar ta Estoniya kuma, ɗan ƙasa yana iya shiga shafin gwamnati ya ga wane ofishi ne ya leƙa bayanansa da ranar da ya leƙa, ma'aikacin da ya leƙa ba dalili kuwa yana fuskantar hukunci.

Nan muka iso ma'auni na uku, wanda ya fi damunmu: idan maigidan kansa ne ya sa hannu a ajiya, wa za a kai wa ƙara? Ba sai mun je nesa neman misali ba. A watan Mayu na 2020 babbar kotu a Ankara ta ɗaure tsofaffin manyan jami'ai uku a kan asarar dala miliyan 4 wajen sayo na'urar leƙen waya daga kamfanin NSO na Isra'ila, cinikin da aka ƙulla a zamanin gwamnatin da ta gabaci ta lokacin. A shekarar dai, ana cikin annobar korona, gwamnati mai ci ta fitar da umarni mai lamba 63 da ya tilasta wa kamfanonin waya su miƙa bayanan masu layi. Wani lauya ya kai ƙara, a watan Yuli na 2021 babbar kotu ta ce an keta haƙƙin sirri, ta umarci a daina tattarawa a kuma goge abin da aka tara. Jam'iyyu biyu ne daban, ƙwaɗayin ɗaya ne. Wannan ba halin wata jam'iyya ba ne, halin mulki ne a ko'ina idan ba a yi masa linzami ba. Abin farin ciki a labaran biyu shi ne kotu ta yi aikinta, sashe na 18 na Tsarin Mulkin 1992 da ya kare sirrin gida da na wasiƙa ya tabbata ba ado ba ne.

Maƙwabta sun nuna mana ɗaya fuskar ikon ƙasa a kan hanyoyin sadarwa. Kamaru ta katse intanet a yankunanta biyu masu magana da Ingilishi daga Janairu zuwa Afrilu na 2017. Chadi ta toshe kafafen sada zumunta daga Maris 2018 har Yuli 2019, wata 16 cur. Najeriya ta dakatar da Twitter wata bakwai daga Yuni 2021, kuma a watan Satumba na shekarar ta rufe layukan waya a jihar Zamfara da sunan yaƙi da 'yan bindiga, waɗanda ke da dangi a can suka yi makonni ba su ji muryarsu ba. Kowace daga cikin gwamnatocin nan da sunan tsaro ta yi. Gana ba ta taɓa yin haka ba. A 2016 babban sufeton 'yan sanda ya kawo shawarar rufe kafafen sada zumunta ranar zaɓe, jama'a suka yi ca, shugaban ƙasa ya ce ba za a yi ba. Amma abin da ya hana a ranar shi ne hayaniyar jama'a da ra'ayin shugaba, waɗannan kuwa suna canzawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu mutanen zango muna da wani dalili na ƙashin kanmu. Kakanninmu sun riga ƙasar da ake kira Gana zama a nan. Wasu goro ya kawo su, wasu malanta, wasu Turawa suka ɗauke su aikin soja tun yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya cika littattafai da Larabci da ajami, ya rasu a 1934, shekara 23 kafin 'yancin kai. Duk da haka, ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya samu ko ya fice. Mutane fiye da dubu 100 suka fita, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da sauransu, cikinsu har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu, ba su san wata ƙasa ba. An karyar da gidaje da rumfuna a farashin banza. A 1983 kuma Najeriya ta kori 'yan Gana kusan miliyan ɗaya, don mu san ba ƙasar da ta fi ƙarfin irin wannan rana.

A 1969 da ido da zato aka yi aikin: riga, suna, harshe, unguwa. Mai neman ɓuya yana iya ɓuya, maƙwabci nagari yana iya rufa asiri. Rumbun zamani ba ya mantuwa kuma ba ya jin kunya. Wanda ke zaune gabansa yana iya cewa a fito masa da duk mai suna kaza, mazaunin unguwa kaza, wanda aka rubuta garin mahaifinsa a wajen iyaka, kafin ya gama shan shayi jerin ya fito da adireshi da lambar waya. Ba mu ce akwai mai wannan niyya a yau ba. Muna cewa ne rumbu ya fi gwamnati tsawon rai, kuma ba wanda ya san hannun da makulli zai faɗa nan da shekara 20. Ruwanda ta rubuta ƙabila a katin shaida shekaru da dama, a 1994 kuma katin ya zama abin da ake dubawa a shingen hanya kafin a kashe mutum.

Ƙofar shiga rumbun ma ba ɗaya take ga kowa ba. Tsarin mulki ya ce wanda aka haifa bayan fara aikinsa ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, bai ambaci ƙabila ba. Amma kowane zango yana da labarin wanda aka tsare da tambayoyi a wurin rajista don sunansa Garba ko Hassana, ana ce masa ya faɗi "ainihin garinsu", alhali na gabansa a layi ba a tambaye shi komai ba. A 2020 Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba ta tabbatar da zama ɗan ƙasa. Da aka rufe rajistar layukan waya a ƙarshen Mayu 2023, an toshe miliyoyin layuka, kuma wanda ba shi da katin ba shi da hanyar ceton nasa. A 2025 sabuwar gwamnati ta sanar cewa za a sake wata rajistar. To zanen yatsun da aka ɗauka a ta farko, bayan mutane sun wuni a rana suna layi, yana hannun wa yanzu, kuma yaushe za a goge shi? Tambaya ce da ta cancanci amsa a rubuce.

Ba mu kaɗai ke cikin irin wannan hali ba. Nubiyawan Kenya jikokin sojojin da Ingila ta kwaso daga Sudan ne, ta zaunar da su a Kibera cikin Nairobi. Shekaru da yawa ana sa su bi ta wani kwamitin tantancewa na daban kafin su sami katin shaida. Da gwamnatin Kenya ta kawo sabon tsarin lamba ɗaya ga kowa mai suna Huduma Namba, ƙungiyarsu tana cikin waɗanda suka kai ƙara. A Janairu 2020 kotu ta ce kada a ci gaba sai an kammala dokokin kariya, a Oktoba 2021 kuma ta ce fara raba katin ba tare da auna haɗarinsa ga sirrin jama'a ba ya saɓa doka. 'Yan tsiraru ne suka tsaya, ƙasa duka ta amfana. Akwai abin koyi a nan.

Mun san akwai masu ja da mu ta fuska biyu. Na farko za su ce wanda ba shi da laifi me zai ɓoye, ga 'yan damfarar MoMo suna kwashe guzurin tsofaffi, ga masu ɗauke da makamai a ƙetaren iyakarmu ta arewa, ai hukuma tana buƙatar ido. Wannan gaskiya ne, kuma talakawanmu ne suka fi shan wuyar 'yan damfara. Dokar 2020 ta riga ta ba hukuma hanya: ta wajabta wa kamfanoni su riƙe bayanan mai layi shekara shida, na zirga-zirgar saƙonni wata 12, kuma jami'in bincike yana iya zuwa babbar kotu ya nemi izinin dubawa. Neman izinin alƙali bai taɓa hana kama ɓarawo ba. Abin da yake hanawa shi ne a yi amfani da na'urar kama ɓarawo a kan ɗan jarida ko abokin hamayya ko wata unguwa ɗungurum. Kuma ƙofar da aka bari a buɗe don hukuma, ita ce masu kutse ke bi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu daga cikinmu suke. Su ne masu cewa tun da haka ne, gara a nesanci rajista gaba ɗaya, kada a ba kowa yatsa. Mun fahimci tsoronsu, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma darasin 1969 akasin haka ya koyar: marasa takarda aka fara ɗauka. A yau wanda ba ya cikin rumbu ba shi da asusun banki, ba layin waya, ba fasfon aikin Hajji, kuma 'ya'yansa za su gaji wahalar. Guje wa rajista ba ya kare kowa, sai dai ya tabbatar wa mai mugun zato zatonsa. Hanya ita ce mu shiga da ƙafar dama, da cikakken haƙƙi, sannan mu tsaya a kan yadda za a tsare abin da muka bayar.

Ga abin da muke nema daga hukuma. A ƙara hanyoyin intanet ta teku da ta tudu, kuma duk hidimar da rayuwa ta rataya a kanta, kamar katin shaida da biyan kuɗi da inshorar lafiya, a ajiye ta yadda za ta yi aiki ko an yanke mu daga duniya. Kwangilar da ta shafi rumbun bayanan jama'a a shimfiɗa ta gaban majalisa, a san kamfanin da ke riƙe da me, da abin da zai miƙa ranar da wa'adinsa ya cika. A ba Hukumar Kare Bayanai kuɗi da 'yancin da za ta iya hukunta ma'aikatar gwamnati kamar yadda take hukunta ɗan kasuwa. Kowace shekara a faɗa wa majalisa adadin izinin leƙen waya da aka nema da wanda kotu ta bayar. A yi wa mai Katin Gana hanyar da zai ga ofishin da ya buɗe bayanansa. A rubuta a doka cewa ba mai ikon katse intanet ko layin waya a wani yanki sai da umarnin kotu mai wa'adi. A wurin rajista tambaya ta zama ɗaya ga kowa, wanda aka hana kuma a ba shi dalili a rubuce da inda zai ɗaukaka ƙara. Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana magana da Hausa, don haka ba abin wuya ba ne watan Oktoba na wayar da kai a kan tsaron intanet ya iso zango da harshen da tsofaffinmu ke ji.

Ga kuma namu nauyin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A yi wa jariri rajistar haihuwa kafin a gama cin naman suna. A tsayar da rubutun suna guda: wanda yake Abubakar a takardar makaranta, Bukari a katin asibiti, Abubakari a fasfo, kwamfuta mutum uku take gani, kuma ba ta karɓar rantsuwa. Kada a ba kowa kati ya yi rajistar layin da ba naka ba, domin ranar da aka yi laifi da layin ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Sarakunan zango da limamai su riƙa tattara koke-koken waɗanda aka hana kati, da rana da wuri da dalilin da aka ba su, saboda kotu da majalisa hujja suke ji. Lauyoyinmu su riƙa karanta daftarin doka tun yana matakin jin ra'ayin jama'a, su rubuta namu. Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 da masu hannu da shuni a cikinmu su ɗauki nauyin yara maza da mata su karanci tsaron kwamfuta da dokar bayanai, har a wayi gari akwai 'ya'yan Nima da Sabon Zango da Aboabo a cikin masu riƙe da makullin, ba a layin masu jira kaɗai ba.

Mu 'yan ƙasar nan ne, muna son rumbunta ya dawo gida, ya yi ƙarfi, ya gagari ɓarawon waje. Muna kuma son ya kasance an rubuta, tun yau da ake zaman lafiya, wanda ke da izinin buɗe shi, da dalilin da zai sa ya buɗe, da alƙalin da zai tsaya gabansa idan ya wuce iyaka. Irin wannan doka a lokacin kwanciyar hankali ake samunta, idan ƙura ta tashi ba mai sauraron 'yan tsiraru. Allah Ya tsare mana ƙasa, Ya ba shugabanni ikon riƙe amana.